Kafin ka biya kuɗin sarba okaziyo: yadda ake duba kat-mer, ramuka da furosesa

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Shekarun nan sarba okaziyo, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci aiki wadda an riga an yi amfani da ita, ta yi yawa a wajenmu, wasu na shigowa ta Duwala su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota ta ƙaraso da su nan Garwa, wasu kuma ta Najeriya ta ɓangaren Yola da Mubi, har 'yan uwanmu na Kusuri da Injamena ma suna yin odar ta Dubai. Kusan duk sati sai wani ya turo min hoto a WhatsApp yace Malam duba min wannan, ramukan RAM 24 ne, ramukan kati bakwai, in saya? Ni kuma tambayata ɗaya ce kullum kafin komai: furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, nawa ne a ciki, kuma wanne ne? Domin wallahi ramin da kake gani da idonka a kan kat-mer, wato uwar allo wadda 'yan Najeriya ke cewa modabod, ba naka bane sai furosesa ya ba shi hanya.

Bari in baku abinda ya faru bara lokacin zafi. Wani ƙanena a sana'a, yaro mai ƙoƙari sosai, shine ke kula da kwamfutocin wani babban shagon magani, ya ɗauko sarba a bayan moto ya rungume ta kamar jariri har bakin shagona. Yace Yaya an cuce ni, katin rezo da na saya matacce ne, na sa shi a rami uku daban daban ko fitila bai kawo ba, na goge da buroshi na hura iska duk a banza. Na ɗaga murfi, na cire baƙar robar nan da ke rufe tsakiyar injin don iska ta bi hanya, sai ga soket na biyu, wato mazaunin furosesa, a rufe da murfinsa na roba, babu furosesa babu radiyatar da ke sanyaya shi, ƙura ta kwanta a kai. Na cire katin na mayar da shi ramin can gefe, muka kunna, fitila ta kawo kore nan take. Katin lafiyarsa ƙalau, kat-mer lafiyarta ƙalau. Wanda ya sayar masa kawai bai gaya masa furosesa ɗaya ne a ciki ba, shi kuma bai san ya tambaya ba, kuma kwana huɗu yaron nan bai yi barcin kirki ba saboda kuɗin mai gidansa ne. Abin ya tsaya min a rai, shi yasa na zauna rubuta wannan.

Toh ga yadda abin yake. Ka ɗauka ramin kati kan famfo ne, furosesa kuma shine tankin da bututu ke fitowa daga gare shi. Kan famfon da ba a ja masa bututu ba ko ka murɗa shi har gobe ba zai kawo ruwa ba. Tun daga Xeon E5 na 2012, layukan PCIe, wato bututun da ke ciyar da ramukan kati, daga cikin furosesa kansa suke fitowa, kowane E5-2600 yana da layi 40. Injin mai soket biyu an raba ramukansa ne, wasu na furosesa na ɗaya wasu na na biyu. Misali Dell PowerEdge R720 da ta fi yawa a kasuwarmu, littafinta ya faɗa ƙarara cewa rami na 1 zuwa na 4 ba sa aiki sai an sa furosesa biyu. Kaga kenan cikin bakwai ɗin nan da aka yi maka talla da su, uku ne kawai a hannunka. Kuma katin RAID na ciki, wato na haɗa tarin dis, da katin rezo na ciki suma suna cin nasu rabon daga layukan furosesa na ɗaya.

Saboda haka matakin farko, tun kaya na hannun mai shi, kace ya buɗe murfi ya cire robar tsakiya ya ɗauko maka hoto, ka ƙirga radiyata da idonka. Sannan ya kunna ya shiga BIOS, wato shafin saitin inji, F2 a Dell, F9 a HP, ya ɗauki hoton shafin da ke nuna sunan furosesa cikakke. Kar ka yarda da "Xeon ne" kawai, Xeon suna ne na dangi, akwai kaka akwai jika. In Dell ce ka karɓi lambar nan mai harafi bakwai da ke jikin ɗan katin da ake zarowa a gaba, ka sa a shafin kamfanin ka ga da me ta fito daga masana'anta, duk da dai 'yan kasuwa na canza kayan ciki a hanya, shi yasa hoton BIOS ya fi. Mai kaya na gaskiya bazai ƙi maka wannan ba, in ya fara cewa babu kuran yanzu, gobe babu ekran, jibi yaron shago ya tafi da makulli, toh ka riƙe kuɗinka.

Na biyu ka sauke littafin injin, kyauta ne a intanet, ka nemi shafin ramukan kati. Nan ne ake shan mamaki, don tsawon rami daban, yawan layin da aka ja masa daban. Zaka ga rami dogo mai ɗaukar kati x16 amma layi takwas kawai aka haɗa masa, wani ma huɗu. Supermicro suna da kirki a nan, a jikin allon suke rubutawa da farin fenti gefen kowane rami, zaka ga kamar CPU1 SLOT2 PCI-E 3.0 X8, ko kuma PCH SLOT1 PCI-E 2.0 X4 IN X8. Wannan na ƙarshen ka lura da shi da kyau, PCH na nufin ramin ba daga furosesa yake sha kai tsaye ba, ta cifset yake bi, wato cif ɗin da ke jikin allon, tsohon zamani ne na 2.0, kuma duk abinda ke rataye a cifset ɗin, su SATA da USB, ƙofa ɗaya ƙarama suke bi tare zuwa furosesa. Irin wannan rami na ƙaramin kati ne, kar ka kai masa NVMe, wato dis ɗin SSD mai saurin nan, kana jiran gudu.

Lissafin ba wuya. Layi ɗaya na PCIe 2.0 yana ɗaukar kamar mega 500 a daƙiƙa, na 3.0 kusan giga 1, na 4.0 kusan giga 2. NVMe ɗaya layi 4 yake so. Katin rezo na 10G mai baki biyu yawanci 8. Katin haɗa tarin dis 8. Katin hoto babba 16. Ka ɗauki biro ka rubuta abinda kake son sakawa yau da wanda kake tunanin ƙarawa nan da shekara biyu, ka haɗa, ka gani ko ramukan da ke raye zasu ɗauka. A nan ne ƙananan sarba masu Xeon E3 ke ba mutane kunya, layinsu 16 ne ko 20 gaba ɗaya, kati biyu sun cinye. Ba wai basu da amfani bane, don ajiye fayil na ƙaramin ofis ko lissafin shago sun wadatar kuma basa shan wuta, amma ba injin da za'a yi ta ƙara masa kaya bane. Xeon Scalable na 2017 yana da 48, AMD EPYC kuwa 128, shi wannan wani gari ne daban, kuɗinsa ma haka.

Akwai wani abu da nake son in daɗe a kai kaɗan don yana cin kuɗin mutane. Katin nan mai arha da ake sa NVMe huɗu a kai, ana tallarsa ko ina. Shi wannan kati babu wata dabara a jikinsa, waya ce kawai aka ja, kat-mer ce zata raba ramin x16 gida huɗu, x4x4x4x4, a BIOS ana kiran abin Bifurcation. In allonka bai iya ba, dis ɗaya kawai zaka gani, sauran ukun kamar babu su. R730 tana da wannan zaɓi a BIOS ɗinta, R720 bata da shi. Kuma ko allon ya iya, in ramin layi takwas ne a ciki toh biyu kawai zasu fito. Akwai kati mai nasa cif ɗin da ke rabawa da kansa, shi yana aiki a kowane allo amma tsadarsa ta ninka kuma yana zafi. Sannan tsofaffin injinan zamanin DDR3 yawancinsu basa tashi daga NVMe, suna ganinsa bayan sistem ya tashi amma ba zasu yi but da shi ba. Ni abinda nake yi, ƙaramin SSD na SATA in sa masa sistem, NVMe kuma in bar shi ga data, shikenan babu rigima.

Yanzu baret ɗin RAM. Labarin ɗaya ne da na ramukan kati, ramuka 24 ɗin nan 12 na furosesa na ɗaya ne 12 na na biyu, a Dell zaka ga an rubuta A1 zuwa A12 da B1 zuwa B12. In soket na biyu babu kowa, duk baret ɗin da ka sa a ɓangaren B ado ne. Kowane E5-2600 yana da hanya huɗu zuwa RAM, shi yasa ake sa baret huɗu huɗu iri ɗaya, a fara da ramukan masu farin maɓalli, sannan baƙi, kore a ƙarshe. Baret huɗu na giga 8 sun fi guda ɗaya na giga 32 gudu nesa ba kusa ba, don hanya huɗu ka buɗe maimakon ɗaya. Amma in ka cika har sahu na uku gudun RAM ɗin gaba ɗaya yana sauka, wannan ma yana cikin littafin, saboda haka cika ramuka duka ba shine gwaninta ba.

Sai ka karanta takardar da ke manne a jikin baret. PC3 shine DDR3, PC4 shine DDR4, basa shiga ramin juna, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba, dan Allah kar ka danna da ƙarfi. Bayan lambar akwai harafi: R kamar PC3-12800R shine na manyan sarba, E shine ECC, wato mai gyara kuskuren bayani, na ƙananan sarba masu E3, U na kwamfutar tebur ne, L kuma wani nau'i ne na masu son RAM mai yawan gaske. Ba'a haɗa R da L ko R da E a inji ɗaya, bazata tashi ba. Kuma E3 baya cin R sam, na sha ganin wanda ya sayi baret R don yafi arha a kasuwar gwanjo ya kai wa ƙaramar sarbarsa ta ƙi. E3 na zamanin DDR3 iyakarsa giga 32 ne ko me zakayi.

Toh mu zo kan furosesan kansa. Soket LGA2011 na E5 na farko da v2 ne, LGA2011-3 na v3 da v4 ne, sunan ya yi kama amma basa musanya. R720 da HP DL380p Gen8 na rukunin farko ne da DDR3, R730 da DL380 Gen9 na biyun ne da DDR4. In zaka tashi daga na farko zuwa v2, ko daga v3 zuwa v4, sai ka sabunta BIOS tukuna tsohon furosesa na ciki, in ka riga ka cire ka sayar toh baƙin ekran zaka gani. Kuma don girman Allah kar ka taɓa sabunta BIOS ba tare da ondila, wato UPS, mai cajin kirki ba, mun san halin kuran ɗinmu musamman in ruwan Lagdo ya ja baya a rani, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa allon na iya zama gawa. In zaka ƙara furosesa na biyu dole ya zama lamba ɗaya da na farko, ka haɗa da radiyatarsa da man da ake shafawa tsakani, a HP DL380 kuma har da ƙarin fanka biyu don mai furosesa ɗaya da fanka huɗu take zuwa maimakon shida. Ka lura da E5-2603 da 2609, 'yan kasuwa na son cusa su don sune mafi arha, basu da Turbo basu da Hyper-Threading, kuma suna rage wa RAM gudu. Masu sha'awar EPYC okaziyo kuma ku tambaya daga wane inji aka ciro shi, akwai waɗanda ake kullewa ga kamfanin injin da suka fara aiki a ciki, in ka kai shi allon wani kamfani bazai tashi ba.

Abinda mutane suka fi mantawa shine ba yawan kor, wato sassan da ke aiki a cikin furosesa, da gudu kaɗai ake dubawa ba, akwai umarnin da furosesa ya iya da wanda bai iya ba, kuma wannan ba'a ƙara shi da kuɗi ko da wani lojisiyel, da shi aka haife shi ko babu. Ka sa Linux a kile na USB, ko Ubuntu ne, ka tada injin da shi ba sai ka girka ba, ka buɗe taminal ka rubuta lscpu, can ƙasa zaka ga dogon jerin kalmomi. Ka nemi vmx in Intel ne ko svm in AMD ne, shine ke baka damar gudanar da injina da yawa a cikin guda ɗaya da Proxmox ko makamancinsa, in baka gani ba duba BIOS wataƙila a kashe yake. Ka nemi aes, shine ke sa VPN da ɓoye bayanan dis su yi sauri ba tare da furosesa ya galabaita ba. Sai avx da avx2, waɗannan biyun sune ke raba tsoho da sabo yanzu. E5 na farko da v2 suna da avx amma basu da avx2, sai daga v3 na 2014 ya shigo. MongoDB tun daga 5.0 baya tashi in babu avx, wato tsofaffin Xeon 5500 da 5600 irin na R710 sun fita. Red Hat 10 da ya fito a 2025 da Rocky Linux 10 suna buƙatar matakin da ake kira x86-64-v3, wanda avx2 na cikinsa, kaga R720 duk ƙarfinta bazata girka su ba. Wannan dalilin yasa ni dai a ra'ayina, in kana da halin ƙara kuɗi kaɗan, ka tsallake zamanin DDR3 ka sayi mai v3 ko v4, ko da RAM ɗinta bai kai yawan na waccan ba. RAM ana ƙarawa a hankali, avx2 kuwa sai dai a canza injin ɗungurungum.

Wani ƙaramin abu ga masu Proxmox: ko furosesanka na da avx, injin da ka ƙirƙira a ciki bazai gani ba in ka bar nau'in furosesa yadda ya zo, sai ka canza shi zuwa host. In kuma kana son miƙa wa injin ciki kati sukutum, kamar katin dis ko na hoto, sai VT-d ko IOMMU na kunne a BIOS, kuma shi sai furosesa da allo duka sun yarda.

Tunda kana cikin Linux ɗin ka ƙarasa binciken. sudo dmidecode -t slot zai jero maka ramuka da wanda ke da kati da wanda babu, sudo dmidecode -t memory zai nuna kowane baret da gudun da yake yi a zahiri. sudo lspci -vv kuma ka nemi katinka, akwai layi biyu, LnkCap shine abinda katin zai iya, LnkSta shine abinda yake samu yanzu. In na sama yace x8 na ƙasa yace x4, ko dai ramin ne ƙarami ko ƙura ta shiga, kuma mu da muke shan hazo daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ba abin rainawa bace, cire katin ka hure ramin ka mayar ka sake dubawa.

Game da allunan nan masu arha da ake odar su daga Sin masu suna X79 da X99, ana haɗa su da Xeon okaziyo a sayar tare, suna aiki ba laifi don wasa ko koyo, amma da yawansu cifset ɗin kwamfutar tebur aka sake amfani da shi, wasu ramin RAM huɗu ne amma hanya biyu kawai aka ja. Ban ba kowa shawarar ɗora lissafin asibiti ko na makaranta a kansu ba.

Sai zafi da wuta, wanda duk wani lissafin faɗaɗa inji a ƙasarmu dole ya bi ta nan. Waɗannan injina an yi su ne don ɗaki mai digiri 10 zuwa 35, mu kuwa Maris da Afrilu a Garwa da Marwa da Injamena ana wuce 40 a inuwa. Duk katin da ka ƙara zafi ne, furosesa na biyu zafi ne, kuma injinan Dell da HP in suka ga katin da basu sani ba sukan tada fanka sama su yi ta ƙara kamar jirgi zai tashi. In ɗakinka babu kilima mai tsayawa, nemi furosesa mai L a ƙarshe, E5-2650L v3 kor 12 ne a wat 65, alhali E5-2690 na farko kor 8 ne yana cin wat 135. Inji mai shan wat 100 dare da rana kilowat 72 kenan a wata, ka lissafa da faktir ɗinka, ka lissafa da batirin sola ko man gurup in wuta ta tafi. Babban ramin x16 wat 75 kawai yake bayarwa, katin hoto mai cin fiye da haka sai da wayar wuta ta musamman daga allon da ke tsaye, da alimantasiyo babba irin ta wat 1100, kuma ka auna tsawo da kaurin katin da tef kafin ka saya don inji siriri mai 1U yawanci baya ɗaukar mai kauri.

In kaya ya iso hannunka kar ka kai wa mai shi a ranar. Ka sa MemTest86 a kile ka bar shi ya kwana yana gwada RAM, ka ɗauki kati ɗaya da ka tabbatar yana aiki ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kana kashewa kana kunnawa, ka shiga shafin kula da inji, iDRAC a Dell ko iLO a HP, ka karanta tarihin kurakuran injin da zafin da yake nunawa da tsakar rana ba da asuba ba. Shi ƙanen nawa haka muka yi da tashi, muka yi odar furosesa na biyu mai lamba ɗaya da radiyatarsa, bayan sati biyu motar ajans ta kawo, muka raba baret takwas ɗin huɗu a A huɗu a B, katin rezo ya koma rami na biyu inda ya so sa shi tun farko, na dis kuma ya zauna a na shida.